Mai Madubi da 'Yar Aljihu: Muhawara a Kan Launi da Kaifin Hoto

Ran wata Asabar cikin watan Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama har Dutsen Aso ya ɓuya a bayan hazo kamar ba a taɓa halittarsa ba, aka ɗaura auren ɗan yayata a wani masallaci da ke Garki, kuma da yake al'adar mutanen Abuja ce ba a watsewa daga ɗaurin aure sai an jeru an ɗauki hoto, sai muka tsaya a farfajiya, ango a tsakiya cikin farar babbar riga ta shadda mai aska takwas, mu kuwa iyaye da abokan arziki muka kewaye shi dama da hauni. Mutum biyu ne suka ɗauke mu a wannan tsayuwa guda. Na farko mai hoto ne da aka yi jinga da shi, yana rataye da wata babbar kyamara baƙa ƙirar Nikon wadda nauyinta ya karkatar masa da kafaɗa. Na biyu kuwa ƙanen ango ne, ɗan jami'a, riƙe da wata 'yar Canon da ba ta fi sabulun wanka girma ba.

Da aka kawo hotunan bayan kwana uku, aka baje su a kan darduma a falon Yaya, sai ta sa hannu ta ɗauki na yaron, ta ɗaga shi sama, ta ce, "Wannan ya fi fitowa." Mai hoton, wanda ya fi shekara ashirin a sana'ar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni, wannan da kike gani kwalliya ce aka yi masa a cikin na'ura. Nawa shi ne gaskiyar yadda aka tsaya." Ta ce, "To Malam, ni dai ido gare ni, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima." Yaron ya waiwayo gare ni ya ce, "Kawu, kai ka raba gardamar." Ban iya raba ta ba a ranar, domin kuwa da na ƙura wa hotunan ido sai na ga kowannensu yana da abin da ya fi ɗan'uwansa, kuma tun daga lokacin na tarar ashe wannan saɓani ya raba kan masu hoto da masu sayen hoto tun daga shagunan Banex Plaza har zuwa kasuwar Wuse.

Malamanmu sun koyar da cewa kafin a yi hukunci a kan mas'ala wajibi ne a tsayar da mahallin saɓani, don kada a kwana ana jayayya a kan abubuwa biyu ana zaton abu ɗaya ne. Babbar, wadda 'yan kasuwa ke kira DSLR, ni kuwa zan kira ta mai madubi, tana da madubi a cikinta wanda yake karkata hasken da ya shigo ta gilashin bakinta zuwa idon mai ɗauka, har ya ga ainihin abin da za ta kama. Idan ya danna, madubin ya ɗage, hasken ya faɗa a kan wani faranti mai jin haske da ake kira sansa. Ana kuma iya cire gilashin a sauya wani. Ƙaramar kuwa, watau 'yar aljihu, gilashinta a manne yake, ita ke auna haske, ita ke zaɓen nisa, ita ke daidaita launi, ba abin da ta bar wa mai ita sai ya nuna ya danna. Asalin duka biyun ɗaya ne, shi ne ɗakin duhu mai 'yar kafa wanda Alhasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi gwaji da shi ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke fitowa daga abu ya shiga ido, kuma gani ba ya cika sai hankali ya sa hannu ya rarrabe abin da ido ya karɓa. Wannan magana tasa ta biyu za mu sake buƙatarta a gaba.

Hujjar ma'abota mai madubi

Su dai waɗannan da girman faranti suke fara kafa hujja, kuma hujja ce mai ƙarfi domin ta lissafi ce. Farantin yawancin 'yan aljihu bai wuce milimita 6 da ɗoriya a tsawo da 4 da rabi a faɗi ba, watau bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na matsakaiciyar mai madubi kuwa ya kai kimanin milimita 23 da rabi a 15 da rabi, wanda ya ninka wancan kusan sau 13. Na manyan cikinsu, mai milimita 36 a 24, ya ninka shi kusan sau 30. Suka ce hasken da ke shiga kyamara tamkar ruwan sama ne, ɗigogin da ke kan faranti kuwa su ne mazubai, kuma ba mai hankalin da zai ce wanda ya tari ruwa da ludayi zai sami abin da mai baho ya samu, ko da sun tsaya a ƙarƙashin hadari ɗaya. Idan an cusa ɗigo miliyan 16 a kan ɗan farantin nan, kowane ɗigo sai ya zama ƙanƙane ainun, har ɗigon matsakaiciyar mai madubi mai miliyan 24 ya fi shi fili kusan sau 9. Ɗigon da ya sha haske ya ƙoshi yakan ba da labarin launi da yaƙini. Wanda ya ɗan lasa kuwa sai ya cika ragowar da kame-kame, shi ne tsakin nan da ake gani kamar an watsa wa hoto yashi.

Suka ƙara da cewa wanda ke son ganin wannan bambanci kada ya neme shi da rana tsaka, ya bari sai dare ya yi a shiga zauren biki a Maitama ko Gwarimpa, inda masu ado suka kunna fitilu shuɗɗa da shunayya, amarya kuma ta shigo cikin leshi mai ƙyalli da lalle a hannu. A can 'yar aljihu ba ta da mafita sai ɗayan biyu: ko ta harba filashi ya wanke fuskokin na gaba su yi fari fat alhali na baya sun nutse cikin duhu, ko kuwa ta haƙura da shi hoton ya fito dishi-dishi, zanen lalle ya narke ya zama dabbare-dabbare. Mai madubi kuwa, idan aka ɗaura mata gilashi mai faɗin kafa irin na milimita 50 ɗin nan da kusan kowane mai hoton biki ke da shi, takan zaro kowane reshe na zanen lallen, ta kuma bar wa zauren haskensa yadda mahalarta suka gan shi.

Raddin ma'abota 'yar aljihu

Waɗannan ba su musanta lissafin ba, sai dai sun ce lissafi dabam, abin da ke zuwa hannun mutum dabam. Kamfanonin da ke ƙera 'yar aljihu sun san mai sayenta ba zai zauna gaban kwamfuta yana gyara ba, saboda haka sai suka sa ta riƙa dafa hoton tun a cikinta: ta ƙara wa launi gishiri, ta zurfafa baƙi, ta haskaka fari, ta fito da gefen kowane abu, ta miƙo shi a shirye. Mai madubi kuwa, musamman ta shekarun farko, an gina ta ne bisa zaton cewa gwani zai karɓi cefane ya je ya girka da kansa, don haka abin da take bayarwa kai tsaye yakan zo lami, launinsa a kwance, gefensa da taushi, har ma an sa wani siririn gilashi a gaban farantin yawancinsu wanda aikinsa shi ne ya ɗan dusashe hoton da gangan, don kada saƙa mai ƙananan layuka ta haifar da wani zane na ƙarya mai kama da bakan gizo. Sai a shekarar 2012 Nikon ta fitar da D800E wadda aka soke tasirin wannan gilashi a cikinta, daga nan wasu suka bi sahu. To, in ji su, mutumin da ya tara kuɗinsa ya sayi babba, ya ɗauki iyalinsa a Millennium Park ko a bakin tafkin Jabi, ya dawo ya tarar hoton maƙwabcinsa mai 'yar aljihu ya fi nasa armashi, ba ruɗu ya yi ba, abin da idonsa ya gani haka yake.

Hujjarsu ta biyu ita ce ta fi kama ni, domin na gan ta a hoton ɗaurin auren nan. Saboda gilashin 'yar aljihu gajere ne ƙwarai, bai fi milimita 5 ba idan an buɗe shi, kusan duk abin da ke gabanta yakan fito tangaran, daga hular na gaba har zuwa hasumiyar da ke can baya. Mai madubi kuwa takan zaɓi sahu ɗaya ta fito da shi raɗau, ta bar saura cikin hazo-hazo, kuma wannan, ko da yake ado ne a hoton mutum guda, aibi ne a hoton jama'a idan mai ɗauka bai tsuke kafar gilashinsa ba. Mu kuwa mutane ne masu hoton taro. A namu na Garki an yi sahu uku, kuma wani dattijo daga dangin amarya da ya taso tun daga Zariya, ya tsaya a sahun ƙarshe, fuskarsa ta fito sarai a hoton yaron, amma a na mai hoton sai an yi masa kallon tsanaki kafin a shaida shi. Ga Yaya, hoton da ya fito da baƙonta shi ne mai kaifi, kuma ban ga ta inda za a ce ta yi kuskure ba.

Sa'an nan suka ce a duba inda hoto ke ƙarewa. Wanda za a wanke a kati mai inci 6 a 4 bai buƙaci fiye da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ba, wanda kuma za a tura ta WhatsApp, manhajar kan matse shi ta rage masa girma kafin ya isa. Falalar da ba za ta kai ga idon mai kallo ba, ina amfanin a biya kuɗinta, a kuma ɗauki nauyinta a wuya tun safe har la'asar?

Martanin ma'abota mai madubi: kaifi na gaskiya da na aro

A nan ma'abota mai madubi suka ja daga, suka ce a rarrabe tsakanin abin da kyamara ta gani da abin da ta ƙaga. Na taɓa gwada maganarsu a Ushafa, ƙauyen maginan tukwane da ke wajen Bwari, wanda Shugaba Clinton na Amurka ya ziyarta a shekarar 2000. Na sami wani tulu mai zanen ƙadangare da ƙananan tsage-tsage, irin salon Gwari da marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta sanar da duniya, na ɗauke shi da kyamarorin biyu a inuwar rumfa. A fuskar waya hoton 'yar aljihu ya fi ɗaukar ido. Amma da na faɗaɗa su a kwamfuta sai na ga wani siririn farin layi ya bi gefen tulun kamar an zagaye shi da alli, wanda babu shi a jikin tulun, shi ne dabarar da na'urar ke yi don ido ya zaci kaifi. Tsage-tsagen bayan ƙadangaren kuwa, waɗanda magina ta zauna ta yi ɗaya bayan ɗaya, sun shafe kamar an goga musu man kaɗanya, domin na'urar ta ɗauke su tsaki ne ta share. A hoton mai madubi kuwa, wanda da farko ya yi mini kama da marar kuzari, har sawun yatsar maginar yana nan a wuyan tulun.

Haka kuma suka ce game da launi. Dafaffen hoto, watau JPEG, mataki 256 kaɗai yake riƙewa a kowane ɗaya daga launuka uku, ja da kore da shuɗi, alhali ɗanyen hoton da mai madubi ke ajiyewa yana riƙe da 4,096 ko ma 16,384. Wanda ya ɗauki dogarai a hawan daba, irin wanda aka riƙa yi a bikin Kanibal na Abuja da aka fara a 2005, ya san cewa jan rigarsu yakan cika ya tumbatsa a 'yar aljihu har ninkin tufa ya ɓace, ya zama jan fenti shimfiɗe. Kuma abin da aka riga aka dafa ba ya komawa ɗanye.

Baƙar fuska da farar riga

Wannan ita ce mas'alar da na ga ta fi shafarmu, kuma ita ce littattafan da ake rubutawa a Turai da Japan ba su cika tsayawa a kanta ba. Ma'aunin hasken kowace kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa duniya, idan an gauraya ta, ruwan toka ce matsakaiciya. To ga Bahaushe baƙi, cikin farar shadda mai sheƙi, a ƙarƙashin ranar Abuja ta ƙarfe biyu bayan an sauko daga Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa, ƙubbar zinariya na walƙiya a bayansa: tsakanin hasken rigarsa da inuwar da hula ta yi wa goshinsa akwai tazarar da ta fi ƙarfin ƙaramin faranti. Idan na'urar ta bi riga, fuska ta nutse sai haƙora da fararen idanu; idan ta bi fuska, riga ta ƙone, aikin da maɗinki ya yi wata guda yana yi ya tafi a banza. Matsalar kuwa ta girmi zamanin kwamfuta, domin tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, don su daidaita launi da fatarta, kuma an daɗe ana haka kafin a shigo da masu duhun fata cikin katin.

Ma'abota mai madubi suka ce a nan gardama ta ƙare, tun da babban faranti ne kaɗai ke iya riƙe zaren aska da annurin fuska a lokaci ɗaya, kuma lalle a hoton mai hoton Garki ana iya ƙirga zaren aikin rigar ango, alhali a na yaron ƙirjin rigar fari ne fes ba komai. Amma ɗaya ɓangaren suka amsa da cewa 'yan aljihun da aka yi daga wajen 2006 zuwa gaba sun koyi gane fuskar mutum, su auna haske a kanta, har su ɗan harba filashi da rana don su kori inuwar hula, kuma mai ɗaukar da bai ƙware ba ya fi kusa da samun kyakkyawar fuska da ita fiye da babbar da bai san makamarta ba. Suka ce idan dole ne a yi asarar ɗaya, uwa ta gwammace ta rasa aikin riga da ta rasa fuskar ɗanta. Suka kuma tunatar da cewa ƙurar hunturu kan shiga cikin mai madubi duk sa'ad da aka sauya gilashi, ta zauna a kan faranti, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto. Ko da yake, a yi adalci, ita ma 'yar aljihu ƙurar kan cije mata gilashi ya ƙi fita ya ƙi komawa.

Tankaɗe da rairaya

Abu na farko da ya bayyana gare ni shi ne madubin da aka sa wa babbar suna da shi ba ya ƙara wa hoto launi ko kaifi ko ƙwayar zarra, tun da ɗagewa yake yi kafin haske ya wuce, har ma bugawarsa kan ɗan girgiza kyamarar. Falalar tana ga faranti da gilashi, kuma da aka gane haka sai iyakar da ke tsakanin ɓangarorin ta fara rushewa: Fujifilm ta fitar da X100 a 2011, ƙarama mai manannen gilashi amma da faranti irin na mai madubi, Sony kuma ta biyo da RX100 a 2012, wadda farantinta ya ninka na sauran 'yan aljihu wajen sau 4. Manyan kamfanonin ma yanzu sun karkata ga manyan kyamarori marasa madubi. Kasuwar kanta ta juya, domin kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori wajen miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 10 ba, kuma 'yar aljihu ce ta fi jin jiki, saboda wayar hannu ta gaje aikinta, ta kuma gaje ɗabi'arta ta dafa hoto, har ta zarce ta. Saboda haka muhawarar ba ta mutu ba, gida ta sauya.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma ya shafi iƙirarin mai hoton cewa nasa ne gaskiya. Tun daga tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976, shekara guda bayan abokin aikinsa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko mai ɗigo 10,000 kacal, kusan kowane faranti an lulluɓe shi ne da ƙananan matatai, rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, ta yadda kowane ɗigo launi ɗaya kaɗai yake gani, sauran biyun sai na'ura ta ƙiyasta su daga maƙwabtansa. Ma'ana, kashi biyu cikin uku na launin hoton, na babba ne ko na ƙarama, ƙiyasi ne ba nassi ba. Bambancin kawai shi ne mai madubi tana yin ƙiyasinta a kan hujjoji masu yawa, ta kuma bar wa gwani ƙofar ijtihadi a buɗe, ita kuwa 'yar aljihu ta yanke hukunci ta rufe littafi.

A kan kaifi, idan ana nufin yawan abin da aka kama na haƙiƙa, musamman cikin duhu ko idan za a faɗaɗa hoto, na gamsu rinjaye yana ga mai madubi, kuma ban ga shubuha a ciki ba. Idan kuwa ana nufin kowa ya fito a hoton taro da rana, a hannun wanda ba gwani ba, 'yar aljihu ta fi kusa da biyan buƙata. A kan launi ne na kasa tsayar da zuciyata, kuma a nan maganar Ibnul Haisam ta dawo mini. Ranar ɗaurin auren nan hazo ya mayar da komai ruwan ƙasa-ƙasa, haka kuma hoton mai hoton ya nuna, sama fari-fari, rigar ango da ɗan jirwayen rawaya. Amma ba ɗayanmu da ya tsaya a farfajiyar yana ganin rigar rawaya, domin hankali ya riga ya san fara ce, ya tace hazon kafin ya kai zuciya, kuma abin da 'yar aljihu ta yi ke nan da ta mayar da rigar fara ƙal. Wanne ne launin ranar, wanda ya faɗa a kan faranti ko wanda muka tafi da shi gida a cikin kawunanmu?

Daga baya Yaya ta so a yi mata babban hoto na bango, aka kai na yaron wurin wanki, suka ce idan ya kai girman da take so fuskokin za su farfashe, saboda haka na mai hoton aka faɗaɗa, bayan ya zauna ya gyara shi ya ɗan ɗago hasken sahun baya. Shi ne yanzu rataye a falonta, ana ganin kowane zare na askar rigar. Na yaron kuwa yana fuskar wayarta, kuma duk baƙuwar da ta zo yi mata Allah-ya-sanya-alheri, shi take fara miƙa mata.